Rubutun da Hafiza Kaɗai Ke Karantawa

Hafiza 'yar yayar mahaifiyata ce, ta girme ni da shekara tara, kuma tun ina ƙarama nake tsoron bakinta. Ƙyanda ce ta tafi da idanunta tana shekara shida. Mutanen ƙauyenmu, Rafin Kanya, sun gama yanke mata rayuwa tun a lokacin: zaman ɗaka da jiran abin da aka miƙo. Mahaifinta ya ce bai san zancen ba. Ya ɗora ta a keke har bakin titi, ya shiga mota da ita zuwa makarantar makafi a Kano. Shekara goma sha ɗaya ta yi a can. Ta dawo da farar sanda, da Turancin da ya fi na hedimastanmu, da wani inji a jakar fata wanda wata malamarsu ta bar mata da za ta ajiye aiki.

Injin bai fi sandar sabulu biyu a jere ba. Maɓallai bakwai ne a samansa, a ƙasansu kuma layin 'yan ƙusoshi masu tasowa su koma, su take shafawa da yatsa ta karanta abin da ta rubuta. Yana magana ma, amma in ya ɗauko Hausa sai ka rantse Bature ne mai mura yake cin tuwo da zafi, don haka ko ita ba ta sauraronsa. Tun ranar da aka ba ta shi tsoho ne. Yau kuwa ya girmi rabin matan auren ƙauyenmu. Da ɗan faifan sola take yi masa caji a kan rufin ɗakinta, kuma ba mai taɓa shi sai ita.

Da injin nan ta samar wa kanta gurbi a gari. Ranar sunan kowane yaro tana ciki, da lambobin wayar 'yan ci-rani, da ranar da aka yi ruwan shuka kowace shekara. Manomi zai tsaya a bakin zaure da fartanya a kafaɗa ya ce, "Malama, bara nawa ga wata aka yi ruwan shuka?" Ta danna ta gaya masa, ta kuma ƙara masa da cewa shi dai sai da aka kwana huɗu sannan ya fita gona. Haka take. Ba ta iya ba da amsa ba tare da gyara ba.

Ta auri Abdurra'uf, mai noman tumatir a Watari da rani, suka haifi 'ya ɗaya, Khairat. Ya rasu yarinyar tana aji huɗu a firamare. Daga nan Khairat ce idon uwarta a hanya: kasuwa, asibiti, gidan biki, hannun Hafiza yana kan kafaɗarta. Amma Hafiza mutuniyar da ce a wajen kunyar 'yar fari. Ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan", kuma in ana zancenta a gabanta sai ta hau gyaran ɗankwali kamar ba da ita ake ba.

Akwai abu ɗaya a cikin injin da ba wanda ya sani, har ni, sai da rigima ta tashi. A garinmu idan mai jego ta kwanta ciwo, ko nono ya ƙi zuwa, maƙwabciya ce ke ɗaukar jariri ta ba shi nata. Ba a shela, sau da yawa ma ɓoyewa ake yi don kada dangin miji su ce uwa ta gaza. Amma kowa ya san abin da hakan ke jawowa: jaririn ya zama ɗan'uwan 'ya'yan matar, aure ya haramta tsakaninsu. Inna Hure ungozoma, wadda ta yanke wa kusan dukanmu cibiya, ita ke riƙe da wannan duka a ka. Da ta ji mantuwa ta fara kama ta, sai ta dogaro sandarta zuwa ɗakin Hafiza.

"Ke na zaɓa," in ji ta, "don rubutunki ko aljani bai iya karanta shi."

Hantsi goma sha uku suka yi, tsohuwa na faɗa, Hafiza na dannawa. Wance ta ba ɗan wance, shekarar kaza, kwana kaza. A rana ta ƙarshe Inna Hure ta ce saura ɗaya, kuma ta gidan nan ce. Lokacin da Hafiza ta haihu zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana tara ba ta san inda take ba. Dangin miji dama jira suke su ce makauniya ba za ta iya reno ba, su ɗauke jaririyar. Sai Inna Hure ta riƙa miƙa ta ta saman danga ga Ummukulthum matar Badaru, maƙwabciyarsu mai goyo, ta kuma ce wa dangi ruwan zamzam da madara take ba ta. Badaru ya kwashe iyalinsa zuwa Bacirawa shekarar da ta biyo, Ummukulthum ta rasu a can. Inna Hure ma ta bi ta wata biyu bayan an gama rubutun. Hafiza ta rufe wannan shafi, ba ta ga dalilin tono shi ba, tunda mutanen sun yi nisa.

Khairat ta girma ta shiga makarantar koyon aikin lafiya a Ɗambatta. A nan ta haɗu da Nabil, malamin firamare, yaro mai sanyin hali, ɗan Bacirawa. Baffanta Yahya, ƙanen marigayi, shi ya yi bincike, shi ya karɓi gaisuwa, shi ya sa rana. Hafiza kuwa kunyar 'yar fari ta hana ta ko tambayar sunan uban yaro. Sai ranar da mata suka kawo lefe, saura kwana goma sha biyu ɗaurin aure, wata tsohuwa cikinsu ta dafa ta tana dariya.

"Ai Malama ɗanki ne ya dawo gida. Ba ki gane shi ba? Babangidan Ummukulthum ne fa, matar Badaru, da kuka yi maƙwabtaka."

 An ce Hafiza ta bari aka buɗe akwatuna, aka yi guɗa, baƙi suka tafi. Sannan ta ɗauki jakar injinta ta laluba bango ita kaɗai har zauren Baffa Yahya.

Ban je zaman da aka yi a gaban Liman ba, amma kafin azahar labarin ya iso shagona a Ɗambatta da ƙafafunsa. Hafiza ta karanta musu abin da ke ciki. Baffa Yahya ya ce shekara ashirin da biyu ba a ji wannan magana ba sai da aka kawo lefe? Shaidun kuma duka suna kabari? Ya karɓi injin ya shafa, ya ce shi dai ƙusoshi yake ji. Aka kunna muryar Baturen, ba wanda ya tsinci kalma ɗaya, har wani ya yi dariya. Sannan Khairat, wadda ba ta taɓa ɗaga wa uwarta murya ba, ta faɗi abin da kowa ke raɗawa.

"Umma, in tsoron zama ke kaɗai kike ji, ki faɗa. Kada ki yi wa matattu ƙarya."

Liman ya ce shi ba zai ɗaura aure a kan shakka ba, ba kuma zai rushe shi a kan rubutun da mutum ɗaya kaɗai ke iya karantawa ba. In da gaske tsohon rubutu ne, a fitar da shi a takarda yadda mai ido zai gani, da shaidar lokacin da aka yi shi. Ranar kasuwar Ɗambatta bayan la'asar zai kira mutanen Bacirawa ya ba su amsa. In takarda ba ta zo ba, biki na nan.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ni ma ban yarda da Hafiza ba. Na ce a raina, wa zai ga laifinta? Mace ta rasa ido, ta rasa miji, yanzu kafaɗar da take dafawa za a kai Bacirawa. Har na shirya yadda zan rufa mata asiri, in ce wa mutane inji ne ya tsufa ya ƙi aiki.

Ina da shagon buga takardu a bayan tashar Ɗambatta: kwamfuta biyu, firinta, da janareta mai taurin kai. Ranar kasuwa suka iso da hantsi, bazara ta buɗe wuta, motocin tumatir sun toshe hanya. Khairat na gaba, Hafiza na baya, amma hannunta ba ya kan kafaɗar 'yarta. Gefen mayafinta kawai ta riƙe da yatsa biyu. Baffa Yahya ne ya ce Khairat ta biyo ta, don ta gani da idonta.

"Zakiyya," in ji Hafiza tun kafin ta zauna, "na ji muryarki ta yi laushi da yawa. Ke ma kina cikinsu ke nan."

"Haba Yaya, ni na ce wani abu?"

"Da kin ce ma da ya fi. Ga shi, ki haɗa shi da na'urarki."

Faɗa ya fi yi sauƙi. Wayar haɗa injin da kwamfuta, ta asali, tana cikin jaka, a naɗe tsaf, ba a taɓa amfani da ita ba tun makaranta. Ƙarshenta faffaɗa ne mai ramuka tara. Na juya kwamfutocina gaba da baya, ba wadda ke da bakin da zai karɓe ta, duka irin bakin fulash ne. Firinta ma haka. Na zagaya layinmu shago bakwai, kowa ya juya wayar ya yi dariya, wani ya ce in gwada gidan tarihi. Sai mai gyaran rediyo ya tuna cewa Mati mai ɗaura dish ɗin talabijin yana da wata mahaɗa da yake sa wa tsofaffin dikoda manhaja da ita, bakinta ɗaya haƙora tara, ɗaya na fulash. Na kira Mati, ya ce yana kan rufin wani Alhaji, minti goma. Minti goman Mati kuwa sai da aka kusa kiran azahar.

Duk wannan jira uwa da 'ya suna kan benci ɗaya, tsakaninsu wurin zaman mutum biyu. Khairat na kallon titi, idonta ya kumbura. Wayarta ta yi ƙara sau huɗu, tana dubawa tana kifewa. Hafiza ta ɗora hannuwanta biyu a kan jaka, ba ta ko karɓi ruwan da na miƙa mata ba.

Mahaɗar Mati ta shiga daram. Na yi hamdala da wuri, don kwamfuta ta ce ba ta san wannan baƙuwa ba. Mati ya ce sai an sauko da wata 'yar manhaja daga intanet wadda za ta gabatar da su. Ranar kasuwa a Ɗambatta kuwa, kowane dillalin shanu yana kan waya, sabis rarrafe yake. Na fita bakin ƙofa na ɗaga wayata sama kamar mai roƙon ruwa. Kashi ashirin. Kashi talatin da biyar. Yana kan sittin aka ɗauke wuta. Ƙaramar kwamfutata tana da batir, amma firinta ya mutu, janareta kuma na ja shi har kafaɗata ta yi tsami ya ƙi tashi. Mati ya kwance fulogin janaretan ya tafi nemo wani.

Aka kira azahar. Hafiza ta miƙe za ta shiga gidan da ke bayanmu ta yi alwala, matar gidan ta zo ta kama hannunta. Ta tsaya da jakar, ta rasa inda za ta ajiye, don ba ta shiga da ita inda ake zubar da ruwa. Sai ta miƙa ta gefen da 'yarta take.

"Ke, riƙe."

Ba ta fi minti uku da fita ba injin ya fara wani ɗan kuka, ƙit, ƙit, ƙit. Khairat ta ce batir ne ya yi ƙasa. A nan na yi wautar da har yau ban manta da ita ba. Na ce ta miƙa wa Ɗanliti mai cajin waya, maƙwabcina, shi janaretansa ba ya hutawa. Ta ɗan yi jim, sannan ta tashi. Teburin Ɗanliti bai fi taku biyar daga ƙofata ba, ina tsaye da waya a sama ina ganinsu.

Ɗanliti ya duba cajar injin, ya ga ƙafafunta falle-falle ne irin na ƙasar waje, ba sa shiga soket ɗinsa. 'Yar mahaɗar da Hafiza ke sa musu an baro ta a gida jikin sola. Shi kuwa mutum ne da bai taɓa cewa bai iya ba. Shekara da shekaru in caja ta ƙi, abin da yake yi ɗaya ne: ya ɓalle bayan waya, ya zare batir, ya maƙala shi a cajar nan mai kama da bakin kaguwa. Ya kifa injin, ya ɗauko sukudireba.

"Kwantar da hankalinki, Hajiya," ya ce wa Khairat. "Batirin zan ciro, rabin awa ya cika."

Ƙusa huɗu ce a murfin. Ya kwance ta farko ya jefa a murfin kwalba. Ya kwance ta biyu. Ni ban ga aibun komai ba, har ina yaba masa a raina. Abin da ya ja idona Khairat ce. Ta tsaya ƙiƙam, ta dunƙule mayafinta a hannu, zufa na bin gefen fuskarta, tana kallon hannun Ɗanliti ba ta ƙiftawa. Ta uku ta fita. Ta huɗu ta ɗan yi gardama, ya danna da ƙarfi, ta juya. Ya ɗaga murfin, ya sa farce ƙarƙashin 'yar wayar da ta riƙe batirin.

Ban ga lokacin da ta motsa ba. Sai dai na ga ta damƙe wuyan hannunsa da hannu biyu, har wayoyin mutane suka zube daga tebur.

"Kada ka cire! Don girman Allah kada ka cire!"

Ɗanliti ya yi tsuru-tsuru, masu jiran caji suka juyo. Na ƙaraso da gudu ina tambayar lafiya. Khairat ta ce, "Anti, wannan ba irin waya ba ne. In batirinsa ya rabu da shi ko na ƙiftawar ido, komai na ciki ya goge. Komai. Sau biyu aka taɓa canja masa a Kano, caja na jone aka yi. Tun ina shekara biyar Umma take gaya mini."

 Na dubi ƙusoshi huɗun nan a murfin kwalba, na dube ta. Tun ta farko ta sani. Da ta ƙara yin shiru na numfashi ɗaya, da shi ke nan: laifin Ɗanliti ne, ko nawa, ba takarda, ranar Juma'a a ɗaura mata aure da wanda take so. Ba ta kalle ni ba. Ta saki hannunsa, ta ce ya mayar da murfin a hankali.

Mai gyaran rediyo ya ara mana mahaɗar soket, kukan injin ya tsaya. Mati ya dawo, janareta ya yi tari ya tashi, muka dawo da injin shagona da gudu muka jona. Manhaja ta gama sauka ƙarfe uku saura kwata. Hafiza ta shigo tana gyara hijabi, ta karɓi kayanta, yatsunta suka zagaya shi kamar yadda uwa ke duba yaron da ya dawo daga wasa. Suka tsaya a kan ƙusa ɗaya da ba ta zauna daidai ba.

"Wa ya buɗe shi?"

 Khairat ce ta amsa, kanta a ƙasa. "Ba a cire ba."

Hafiza ta danna maɓalli, ta shafa layin ƙusoshin. Ta daɗe hannunta na wurin. Ba ta ƙara tambaya ba, ta ce mu ci gaba.

Kwamfuta ta gane mahaɗar. Hafiza ta danna umarnin turawa, sai allo ya cika da tarkace: akwatuna, alamun tambaya, wasu ƙananan fuskoki. Ko harafin kirki ɗaya babu. Mati ya ce ƙila injin ya lalace, ya tattara jakarsa wai ana jiransa. Na ji wani mugun sauƙi ya ratsa ni, na kuma ji kunyar jin sa.

"Me ya fito?" in ji Hafiza.

"Yaya, shirme ne. Ina ga tsufa ne ya..."

"Ke ce dai kika tsufa. Ba lalacewa ba ce, saurinsu ne bai zo ɗaya ba, ɗaya na zuba ɗaya bai gama buɗe baki ba. Malamarmu ta koya mana. Duba wurin da aka rubuta lambar gudu a taki na'urar. Nawa ne?"

Na laluba har na samo, na karanta mata wata doguwar lamba.

"Mayar da ita dubu tara da ɗari shida."

Shekara ashirin da wani abu rabonta da darasin nan, amma ta faɗi lambar kamar sunan unguwarsu. Na mayar. Uku da kwata. Ta sake dannawa, ya sake zubo tarkace, don na manta ban rufe na buɗe ba. Ta ja tsaki irin wanda nake tsoro tun ina yarinya. A karo na uku sai ga Hausa tana gangarowa a allo, layi bayan layi.

"Tsaya," ta ce. "Jerin sunayen rubuce-rubucen zan fara turowa, da ranar da aka taɓa kowanne na ƙarshe. Shi ya sa tun da abin nan ya faru karantawa kawai nake, ban gyara ko ɗigo ba. Bayan shi shafi ɗaya zan turo, namu. Sauran asirin mutane ne, kuma in na ji kin leƙa, Zakiyya, ni da ke ne."

Jerin ya fito. Ruwan shuka, daminar bara. Lambobin waya, watan jiya. Can ƙasa: Inna Hure, sha huɗu ga Maris, 2013. A lokacin Khairat tana shekara goma sha ɗaya, ko hanyar Ɗambatta ba ta sani ba ita kaɗai. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na danna bugawa, firinta ya ja takarda biyu, ya miƙo su da ɗumi. Ban iya karantawa ba. Na ba Khairat.

"Karanta a fili," in ji Hafiza. "Ban taɓa jin sa a bakin wani ba tun bayan mai shi."

Khairat ta fara, muryarta ƙasa-ƙasa. Maganar Inna Hure ce sak, har da yadda take rantsuwa.

"'Yar Hafiza, ta sha nonon Ummukulthum matar Badaru kwana tara, safe da rana da dare, shekarar da gadar Rafin Kanya ta karye. Ni na riƙa miƙa ta ta danga. Ranar farko ko kuka ba ta iya yi, na ɗauka ba za ta kwana ba. Ummukulthum ta janye nata ɗan, Babangida, ta riƙa ba shi kunu don nonon ya ishi jaririyar. Ta ce kada a gaya wa Hafiza, kada ta ji kamar ana yi mata gori. Wallahi tallahi haka aka yi, Allah ne shaidata, kuma gare shi za ni."

Ta kai ƙarshe da kyar. Ta sake komawa kan kwanan watan, ta bi shi da yatsa. Janareta na ta ruri a waje, wani mai shanu ya leƙo yana son a buga masa takarda, na kore shi da hannu. Agogon bango ya nuna huɗu saura ashirin. Ko mota ta tashi yanzu ba za su isa Rafin Kanya kafin la'asar ba.

"Sai dai a ɗauki hotonsu a tura wa Liman ta waya," na ce, ban san wa nake gaya wa ba.

 Hafiza ta zare wayar daga jikin injin tana naɗewa a hankali. Khairat ce ta shimfiɗa takardun a kan teburina, ta danne gefensu da tafin hannu don kada fanka ta ɗaga su.

"Ɗauka, Anti. Ki tabbata kwanan watan ya fito."

Na ɗauka, na tura. Da'irar nan ta hau juyawa, ta juya, ta juya. Ladanin masallacin tasha ya gyara lasifika, ya hura ta sau biyu. Sannan alamar ta nuna saƙo ya isa, jim kaɗan ta nuna an buɗe. Na ce ya gani.

Khairat ta zame daga tsaye ta durƙusa a kan simintin shagona, gaban uwarta. Kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata, irin wanda ba ya fita da ƙara sai jijjigar kafaɗa. Ni ma na kasa riƙe nawa. Na tausaya mata har cikin raina, na tausaya wa yaron can na Bacirawa da ke ta kiran waya bai san abin da ke tahowa ba.

"Umma," ta ce, "na ce kin yi ƙarya. A gaban mutane na faɗa. Ki yafe mini."

Hafiza ta ajiye injin a gefe, abin da ban taɓa ganin ta yi da gaggawa ba. Ta laluba har ta sami kan 'yarta, ta jawo shi kan cinyarta. 

"Tashi, ba ki yi mini komai ba," ta ce. "Kwana bakwai ke nan kullum sai na buɗe shi na sake shafawa, ko Allah zai sa ni ce na karanta ba daidai ba. Wallahi na fi ki son a ce ƙarya na yi."